Tasoshi Biyar a Kan Katanga

Ƙanena ya yi ƙarya a kaina a gaban alƙali. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, a bayana ya yi wayo, ya kuma miƙe a cikin kotu ya ce ba shi da hannu a dakalin injina, alhali shi ya zana dakalin da bironsa a cikin littafina. Yau ana gaishe shi da injiniya, ana buɗe masa ƙofar mota. Wannan bai goge abin da ya yi ba, ni kuma ban zauna rubutu don in sassauta masa ba.

Ni mai niƙa ce. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya mata uku a wani gari da ke gefen hanyar Mai'adua, cikin ƙasar Daura. Da na fita takaba na sayar da saniyar da na gada, na sayi tsohon injin niƙa mai shan gas. Wanda ya kafa mini shi wani dattijon makaniki ne daga wajen Kongolam, mutum mara yawan magana. Ya haƙa rami a rumfar da ke gefen gidana, ya cika shi da yashin rafi, ya kwantar da gungumen kirya biyu a kan yashin, ya ɗaure injin a kansu. Tsakanin gungumen da katanga ya bar fili kamar taki ɗaya. Da zai tafi ya ce kada in yarda wani abu na injin ya taɓa katangar nan, ko da itace ne aka jingina. Bai faɗi dalili ba, ban tambaya ba. A lokacin ban san ana tambayar makaniki dalili ba.

Katangar ta ƙasa ce, doguwa, ita ta raba gidana da na maƙwabcina, wani Alhaji mai fataucin awaki da tumaki. A can ƙarshenta ɗakin matarsa ya jingina da ita, daga nan zuwa tsakiya kuma turken dabbobinsa ne. Shekara tara injin yana aiki a wurin. In na tayar da shi sai ya riƙa 'yar sukuwa a kan gungumensa kamar jakin da ya ƙoshi, amma ko ƙurar katangar ba ta taɓa zubowa ba. Matar Alhaji takan ce ƙarar kawai take ji, ita ma ta saba da ita, har ranar da ban tayar ba takan leƙo ta ji ko lafiya.

Da aka kawo Shari'a jiharmu sana'ata ta buɗe. Mata suka rage zuwa injinan maza na bakin kasuwa, inda ake cunkuso da 'yan dako, suka dawo wurina, tunda ni mace ce kuma a cikin gida nake. Tun hantsi ƙwarya kan ƙwarya, gero da dawa da masara, har la'asar ban zauna ba. A shekarun nan ne kuma aka buɗe wa mata aji da yamma, karatun addini da na boko a haɗe. Na shiga ina da arba'in da 'yan kai, hannuna duk kanta, biro yana zame mini. Ƙananan matan ajin suna dariyar yadda nake danne takarda har ta huje. Ban kula su ba. Cikin shekara biyu ina karanta wasiƙa, ina tarawa ina ninkawa, na kuma kamu da wani hali: duk abin da na gani sai na rubuta shi.

Ƙanen nan nawa shi ne autanmu. Innarmu ta rasu ba a daɗe da yaye shi ba, ni na goya shi, da na yi aure na tafi da shi gidan mijina. Yana da kai, wannan kam ba zan hana shi ba. Ya yi firamare, ya yi sakandare a Daura, ya wuce babbar makaranta ya karanci aikin injiniya. Duk hutun da zai koma, garin da ke cikin jakarsa daga injin nan ya fito. Ba gori nake yi ba, yadda abin yake ke nan.

Da ya gama ya dawo ya tarar ina karatu, ya yi murna ƙwarai. Rannan da yamma na tambaye shi me aka koya musu a shekarun nan duka. Sai ya cika buta biyu da ruwa, ya rataye su a igiyar shanya da 'yar tazara tsakaninsu. Ya danna su ƙasa tare ya saki. Suka riƙa sauka da tashi tare, a hankali. Ya tsayar da su. Ya danna ɗaya ƙasa, ya ɗaga ɗaya sama, ya saki. Wannan na hawa wannan na sauka, da sauri fiye da na farko, tsakiyar igiyar kuwa tana tsaye cik kamar an riƙe ta.

Ya ce rawa biyu ke nan butocin nan suke da ita, duk yadda zan ture su gaurayen biyun nan zan gani. Ya ce saurin kowace rawa ba hannuna ke yanke shi ba, nauyin butocin ne da taurin igiyar. Gada ma haka take, bene haka, tankin ruwa haka, kowane gini yana da nasa raye-rayen. A makaranta, in ji shi, sukan jera nauyin kowane ɓangare a gida-gida a takarda, su jera taurin abin da ya haɗa ɓangarorin a wani gida-gidan, su yi ta lissafi har wasu lambobi su faɗo. Lambobin nan na abin ne shi kansa, ba na mai tura shi ba. Suna da wani suna na Turawa da ya faɗa sau uku ban riƙe ba, sai ya ce in kira su lambobin asali. Kowace lamba, in ka nemo abin da aka ninka da kansa ya ba da ita, ka san saurin rawa ɗaya. Kowace kuma tana zuwa da jerinta, mai nuna wane ɓangare zai yi gaba, wane zai yi baya, wane zai tsaya. Ya ce haɗarin yana nan ne: in inji yana bugawa daidai da saurin ɗaya daga cikin raye-rayen abu, bugu kan bugu yake taruwa, har ƙaramin ƙarfi ya kayar da babban gini.

Wallahi ranar na ji daɗi. Na sa shi ya maimaita, na rubuta da nawa kalmomin. Na kwana biyu ina danna butoci a igiya, 'ya'yana suna cewa Inna ta samu abin wasa.

Daga nan ya juya kan injina. Ya ce kunya yake ji a ce yayar injiniya tana niƙa a kan itace da yashi, inji yana tsalle kamar zai gudu. Ya karɓi littafina ya buɗe sabon shafi, ya zana dakalin siminti mai kauri, da rodi huɗu da za su fita daga jikinsa su shige gindin katanga, wai don ya ƙara kafuwa. A ƙasan zanen ya yi gida-gidansa na lissafi. Na sunkuya ina karanta kalmomin da ya rubuta a gefe, ina jin kaina tunda yanzu ina iyawa: inji, dakali, ƙasa. Na sake dubawa. Na ce ina katanga, tunda za a haɗa su? Na kuma gaya masa abin da dattijon Kongolam ya ce.

Ya yi dariya. "Yaya, katanga ai ƙasa ce, ba ta motsi. Tsohon nan da ido yake aiki, ni da lissafi."

Wace ni da zan ja da mai takardar shaida, ni da ban daɗe da gane bambancin shida da tara ba? Ya kawo magina biyu, ya tsaya a kansu kwana uku da awo a hannu. Suka fitar da gungumen suka yar bayan gida kusa da juji. Ranar da aka gama na yanka masa kaza.

Da siminti ya bushe aka ɗora injin, na tayar da shi, ya zauna daram kamar dutse. Mata suka yi ta yabawa, suna cewa ilimi daban ne. Ni ma na ce haka.

Ba a yi mako biyu ba matar Alhaji ta ce mini jerenta yana magana. Jeren kwanoni da samiru ne tun na aurenta, an ɗora su kan juna daga saman kabad har kusa da rufi, ba ta bari kowa ya taɓa su sai ita. Ta ce da na fara niƙa sai su hau ƙara, marfi na buga marfi. Muka yi dariya. Ranar wata Alhamis da hantsi jeren ya zubo gaba ɗaya. Na kashe inji na shiga na taya ta tsincewa. Wasu sun lotsa, wasu fentinsu ya ɓare. Ita kuwa goge su kawai take da gefen zaninta ɗaya bayan ɗaya. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na dawo gida na tsaya ina kallon katangar. Da ido ba a ganin komai. Na ɗora tafin hannuna sai na ji tana kaɗawa kamar jikin mai zazzaɓi. Nan butocin suka faɗo mini a rai. Na ɗauko tasoshi biyar iri ɗaya, na cika su da ruwa, na taka turmi na jera su a kan katangar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, da tazara daidai. Ta biyu ce ta zo saitin injin. Na tayar da shi, na riƙa ɗaga totur, ƙarfen ƙara masa gudu, kaɗan-kaɗan, babbar 'yata tana kan turmi tana gaya mini abin da take gani, mu yi musanya in hau in gani da idona.

Da injin yana tafiya a hankali akwai wani wuri da duk tasoshin suka ɗauki rawa tare, ta tsakiya ta fi kowacce, har ruwanta yana zuba. Na karce wurin da ƙusa a jikin ƙarfen totur. Na ƙara ɗagawa, ruwan ya kwanta duka, kamar ba a yi ba. Na ci gaba. Can sama sai ta biyu da ta huɗu suka haukace, ruwa yana tsalle yana fantsama, ta uku kuwa, wadda take tsakaninsu, ko gezau. Ina ganin fuskata a cikinta. Na karce nan ma. Na kashe inji na zauna a ƙasa, domin karce na biyun nan daidai yake da inda nake ajiye totur kullum in ina niƙa. Ƙasa da nan hatsi yakan toshe haƙoran injin, sama da nan bel yakan zame, gari ya fito da zafi. Ba ni da wani wurin tsayawa sai nan.

Na yi gwajin nan sau shida a ranaku daban, na rubuta kowanne, na zana tasoshin da wadda ta yi rawa da wadda ta tsaya. Sannan na aika wa ƙanena saƙo Daura, inda ya koma yana neman aiki.

Ya zo. Na jera masa tasoshin, na tayar da inji na kai totur karce na biyu. Ya hau turmi. Ya daɗe yana kallon tasa ta uku. Da ya sauko fuskarsa ta sauya, ya karɓi littafin ya buɗe shafin zanensa, ya bi kalmomi ukun nan da yatsa.

"Yaya, na bar katanga a waje. Kin tambaye ni kuwa."

Ya ce yashi da itacen nan da ya raina su ne suke shanye bugun injin kafin ya isa ko'ina, sukuwar da yake yi a kansu ita ce lafiyar katangar. Shi kuma ya ɗauki bugun ya miƙa wa katanga ta rodi huɗu, a daidai saurin rawarta ta biyu. Ya ce gyaran ba wuya, a fasa dakalin a yanke rodin a mayar da gungumen. Ya ce in ba shi mako biyu, akwai wani aiki da yake bi, yana gamawa zai zo da magina. Har ya kwafi zanen tasoshina a takardarsa, yana cewa malamansu ma ba su taɓa nuna musu abin a fili haka ba. Na ji sanyi a raina. Kuskure ai kowa yana yi, kuma ya amsa nasa.

Nan nawa laifin yake, ba zan ɓoye shi ba: ban daina niƙa ba. Na rage, amma ban daina ba. Mata suna tsaye da ƙwarya, yara suna jiran tuwo a gidajensu, na ce mako biyu ba komai. Mako biyu suka zama huɗu. Damina ta sauka, katangar ta sha ruwa. Wata ranar Litinin ana gab da azahar na ji wani rugugi ya danne ƙarar injin. Katangar ta zube, ba a bayan injin ba, can gaba, a daidai inda nake ajiye tasa ta huɗu. Ta faɗa cikin turke ta karya wa wata tunkiya baya, dole aka yanka ta. 'Yar Alhaji ta bar wurin ke nan da kwanon dusa a hannunta.

Alhaji ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma da gaskiyarsa. Mai unguwa ya kira mu, na ba da haƙuri, na ce zan tayar da katangar. Alhaji ya ce shi ba tunkiya ce ta dame shi ba. Ya ce a duba inda katangar ta faɗi, nesa da injin, ke nan abin nan ko ina yake a unguwar nan yana iya kashe mutum a cikin ɗakinsa. Ya kai ƙara kotun Shari'a, abu ɗaya ya nema: a fitar da injin daga cikin gidaje. Ni kuwa na san ma'anar wannan. Wurin inji in ba gida ba sai bakin kasuwa, cikin maza, inda matan da ke kawo mini niƙa ba za su je ba, ni ma ba za a bar ni in tsaya ba. Fitar da injin da rufe sana'ata duk ɗaya ne.

Na aika wa ƙanena. Ya aiko cewa in kwantar da hankalina, zai zo ya yi wa alƙali bayani, a ba mu dama a gyara.

Ranar zaman ya zo da farar shadda, ya gaishe ni a ƙofar kotu, amma bai haɗa ido da ni ba. Na ɗauka nauyin wurin ne. Littafina yana ƙarƙashin hijabina, na manne shi da ƙirjina. Alhaji ya faɗi nasa, bai ƙara komai a kan abin da ya faru ba. Alƙali ya juyo kaina. Na ce na amsa injina ne ya kayar da katanga, amma shekara tara bai kayar ba sai da aka haɗa shi da ita, kuma in aka raba su cutar za ta gushe. Na shiga bayanin tasoshi, da ta biyu da ta huɗu, da ta uku da ba ta motsi. Aka fara dariya a benci na baya, wani ya ce ashe Hajiya duba take yi da ruwa. Alƙali ya tsawatar. Ya saurare ni har na gama, wannan na yaba masa har gobe. Sannan ya ce magana ce ta masana, ko akwai masanin da zai tabbatar? Ni da bakina na ce ga ƙanena nan, injiniya ne. Alhaji ya ce ya yarda da shi, ai ɗan unguwa ne, a gabansa ya girma.

Alƙali ya tunatar da shi girman shaida da zunubin shaidar zur, ƙanena ya ce ya ji. Aka tambaye shi yadda aka yi dakalin.

"Allah ya gafarta malam, ni da baki na ba ta shawara cewa siminti ya fi itace. Yadda aka gina shi, ita da maginanta suka sani."

Na ɗauka kunnena ne. Alƙali ya tambaye shi batun tasoshin, da ko raba dakalin da katanga zai magance abin. Ya ɗan yi murmushi, irin na mai neman a yi wa tsohuwa uzuri.

"Yayata ba ta daɗe da fara karatu ba. Takan ji magana ta riƙe rabi. Inji irin wannan bai dace da cikin gidaje ba, ko a kan me aka ɗora shi."

Hannuna yana kan littafin. Shafin yana nan, da rubutunsa, da rodi huɗu, da inji, dakali, ƙasa. Ɗaga hijabi kawai zan yi in miƙa wa magatakarda. Alƙali ya dube ni ya ce, baiwar Allah, kina da abin cewa? Mutane sun san ni, ban taɓa barin magana ta kwana a cikina ba, na sha tsayar da 'yan kamasho a tasha su da yawa ni kaɗai. Amma yanzun nan aka gama karanta masa hukuncin mai shaidar zur a gaban jama'a. In na fito da takardar nan, ni ce zan liƙa masa sunan a goshi, ya bi shi har kabari. Na dubi ƙeyarsa, inda yake da tabon ƙunar da ya samu yana rarrafe, ranar da na bar shi kusa da murhu na je ɗebo ruwa. Na ce ba ni da abin cewa. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan, kuma har yau ban san ko da an sake zan yi daban ba.

Alƙali ya yanke da abin da ke gabansa. Ya ce a kashe injin daga ranar, a fitar da shi cikin kwana talatin, in tayar da katangar. Ya ƙara da cewa maƙwabtaka ta fi ƙarfin takarda, in mun sasanta kafin wa'adin, mai ƙara ya gamsu cutar ta gushe, mu dawo tare ya saurare mu.

Bayan la'asar ƙanena ya shigo gidana. Ina zaune a rumfa, injin yana lulluɓe da buhu. Ya rasa wurin zama, ya ɗosana a gefen dakalin, sai kuma ya zabura zai tashi.

Na ce, "Zauna abinka, Auta, naka ne. Ko a nan ma ba ka san shi ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce in fahimce shi. Aikin da yake bi ya fito, za a ba shi gina dakalan injinan ruwa a ƙauyukan wajen Baure da garin Babban Mutum, sa hannu kawai ya rage. Maganar da aka yi a kotu da safe kafin magariba ta isa Daura. In aka ji dakalin farko da ya zana a rayuwarsa ya kayar da katanga, wa zai ba shi ko da tubali ɗaya? Ya ce ai don mu duka yake yi. In ya kafu zai saya mini sabon inji, ya nema mini fili a bayan gari, ko ma in huta gaba ɗaya ya riƙa aiko mini. Na bar shi ya yi ta zuba. Ina jira in ji kalma ɗaya, ta ban haƙuri. Da ya faɗe ta, wataƙila da ban rubuta wannan ba.

Ya murza hularsa a gwiwa, sannan ya ce, "Yaya, littafin nan fa? Shafin nan ba shi da amfani a wurinki. Gara ki ba ni, kada ya faɗa hannun wani."

Ashe abin da ya kawo shi ke nan. Ya san yana jikina a kotu, ya ga tudunsa a ƙarƙashin hijabi tun a ƙofa. Ya san ina iya fito da shi, ya kuma lissafa cewa ba zan fito da shi ba. A wannan lissafin kam bai bar komai a waje ba. Ya san nauyina, ya san inda nake da tauri da inda ba ni da shi, ya buga a daidai wurin.

Na ce masa littafina ne, da kuɗin niƙana na saye shi, ba mai yage ko da gefen shafi. Na ce ban nuna shi da safe ba, ba kuma zan nuna ba, amma ba don ya roƙa ba ne, kada ya ɗauka mun yi ciniki. Na ce sabon injin ya riƙe abinsa. Abin da na fi so ya ji shi ne na ƙarshe: ƙaryar dakalin zan iya haɗiye ta, tsoro ne, na san tsoro. Amma ya tsaya gaban mutane ya ce ina riƙe rabin magana, shi da ya kwafi tasoshina a takardarsa, wannan ba tsoro ba ne. Ya ɗauki karatun da na yi da furfura a kaina ya shimfiɗa ya taka don ya haye.

Aka kira magariba ya tashi ya fita, 'ya'yana ba wadda ta raka shi zaure.

Washegari da gari ya waye na tashi 'ya'yana muka zagaya bayan gida. Gungumen kiryar suna nan kusa da juji, ciyawa ta rufe su, gara ba ta iya da su ba. Muka mirgino su har bakin rumfa. Na je wurin maƙeri na aro babbar guduma da zarton ƙarfe. Na wanke tasoshi biyar ɗin na kife su a kan tabarma, na ɗaure zanina, na fara fasa siminti daga gefen da ke kallon katanga.

Ƙarar ta fito da Alhaji. Ya tsaya a giɓin da katangar ta bari, carbi a hannunsa, matarsa tana bayansa daga ƙofar ɗaki. Ya ce, Hajiya, me kuma ake yi? Na ce ina raba injina da katangarsa. Na ce in na gama zan mayar da yashi da itace yadda suke shekara tara, in tayar da katangar, sannan in roƙe shi abu ɗaya: mu je wurin alƙali tare ya ba mu izinin tayar da injin na sa'a guda, shi da kansa ya zuba ruwa a tasoshin nan ya jera su a inda ya ga dama. In ko ɗaya ta motsa, ni zan kira amalanke in fitar da injin ba sai kwana talatin sun cika ba.

Ya dubi tasoshin, ya dubi gungumen, ya tambaye ni ko injiniya ne ya ce a yi haka.

Na ce, "Ni na ce."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba, bai kuma bar wurin ba. Na share ɓaraguzan da hannu har rodi na farko ya bayyana, na durƙusa na ɗora masa zarto.